Kifin da ba ya Ɓatan Gida: Muhalli da Tarihin Rayuwar Sikalfin na Kududdufan Gaɓar Tekun Fasifik

Tsakure

Wannan maƙala bayani ce a kan wani ƙaramin kifi na gaɓar arewacin Tekun Fasifik, wanda masana kimiyyar halittu ke kira Oligocottus maculosus. An duba yanayin wurin zamansa da siffarsa da dabarun da yake bi ya tsira idan iska ta yi ƙaranci a ruwa, da kuma yadda yake hayayyafa. An fi ba da ƙarfi ga ɗabi'arsa ta komawa kududdufi guda a duk lokacin da teku ya janye, domin a kanta sauran al'amuran rayuwarsa suka rataya.

1.0 Gabatarwa

Sikalfin suna ne da ya tattara ɗaruruwan nau'o'in kifaye masu babban kai da faffaɗan baki, waɗanda ke zaune a ƙasan ruwa. Akasarinsu na tekunan arewacin duniya ne masu sanyi, ko da yake akwai waɗanda suka koma koguna da tafkuna. Ba su da suna a Hausa, tun da ba a samun su a ruwayen ƙasar Hausa, don haka aka hausantar da sunan da aka san su da shi. A cikinsu akwai manya, kamar Scorpaenichthys marmoratus na gaɓar Kalifoniya wanda kan kusan kai mita guda. Wanda ake magana a kansa a nan kuwa bai cika wuce santimita 9 ba, wato kamar tsawon ɗan yatsa. Masanin halittu Charles Girard ne ya fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1856. Ana samun sa tun daga gaɓar gabashin Rasha, a biyo ta Alaska da yammacin Kanada, har kudancin jihar Kalifoniya a Amurka.

Ba a cin sa, ba a sayar da shi. Abin da ya jawo hankalin masana gare shi shi ne wurin da ya zaɓa ya zauna, wurin da mafi yawan kifayen teku ba za su iya wuni a cikinsa ba.

2.0 Kududdufin da Teku ke Bari

Kafin a fahimci kifin, sai an fahimci cikowar teku da janyewarsa. Saboda ƙarfin jan da wata da rana ke yi wa ruwan duniya, teku kan ciko ya rufe gaɓa, sannan ya janye ya bar ta a fili. A gaɓar yammacin Amurka ta Arewa hakan na faruwa sau biyu cikin kimanin awa 24 da minti 50, kuma janyewar biyu ba sa zama daidai: ɗaya kan fi ɗaya nisa. A kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa, cikowar kan fi hawa, janyewar ma ta fi sauka.

Inda gaɓar ta kasance ta duwatsu, idan ruwa ya janye yakan bar saura a kwarmin dutse da tsagoginsa. Wannan ragowar ruwa ita ake nufi da kududdufi a wannan maƙala. Wani bai fi girman ƙwarya ba, wani kuma ya kai faɗin ɗaki. Kududdufan da ke ƙasa, kusa da bakin ruwa, ba sa daɗewa a yanke. Nan da nan igiya take dawo musu. Na sama kuwa sukan yi sa'o'i da yawa babu abin da ya haɗa su da teku, kuma a waɗannan sa'o'i ne ruwan ke sauya hali fiye da yadda ake zato.

Da rana, hasken rana na ɗumama ɗan ruwan har ya zarce zafin teku nesa ba kusa ba. Tururi na tashi, gishiri ya ƙaru. Idan kuma ruwan sama aka yi, sai gishirin ya tsinke, musamman a saman kududdufin. Iskar oksijin ita ce ta fi kowane abu tangal-tangal. Muddin akwai haske, gansakuka da ciyayin teku na fitar da ita har ta yi wa ruwan yawa. Da dare ya yi sai su daina fitarwa, su shiga shaƙa tare da ƙaguwa da dodon koɗi da tsutsotsi da duk wani mai rai da ke ciki. Idan janyewar teku ta faɗo cikin dare, iskar kan ragu har ta kusan ƙarewa kafin asuba. Ke nan abin da kifin cikin teku ba zai gani ba a shekara guda, na kududdufi yana ganin sa tsakanin azahar da asuba.

Amfanin zama a irin wannan wuri shi ne manyan kifaye masu farauta ba sa iya tsayawa a cikinsa, ga kuma abinci a wadace. Oligocottus maculosus ya fi 'yan uwansa jure kududdufan sama. Wani ɗan uwansa na kusa, Oligocottus snyderi, ya fi zama a na ƙasa masu yawan ciyayi, inda ruwa ya fi sanyi. Binciken Nakamura na shekarar 1976 ya danganta wannan rabon muhalli da bambancin juriyar zafi tsakanin nau'o'in biyu.

3.0 Siffa da Abinci

Jikinsa mai kauri ne daga gaba, ya tsuke zuwa wutsiya, kuma ba shi da ɓawo. Idanunsa na can saman kai. Akwai ƙaya mai reshe a kuncinsa, da wasu 'yan zaruruwa na fata a ka da gefen jiki. Launinsa ya haɗa da toka-toka da kore da ƙasa-ƙasa, wani lokaci har da ja, da baƙaƙen ɗigogi manya da suka gitta bayansa kamar sirdi. Yana iya ƙara duhu ko haske gwargwadon inda yake kwance, har mai neman sa ya zura ido a kududdufi bai gan shi ba sai ya motsa.

Kamar sauran danginsa, ba shi da jakar iskar nan da ke taimaka wa kifaye su tsaya a tsakiyar ruwa. Don haka da ya daina iyo sai ya nutse. A wurin da igiya ke dukan dutse, wannan rashi riba ce: yakan kwanta ya dafe ƙasa da faffaɗan fikafikansa na ƙirji, ruwa ya wuce ta kansa. Tafiyarsa zabura ce, daga nan ya tsaya cik. Haka yake farauta. Yana cin ƙananan halittu dangin jatan lande, da tsutsotsin teku, da 'ya'yan ƙwari. Shi kuma zalɓe da sauran tsuntsayen bakin ruwa na cin sa idan teku ya janye, manyan kifaye kuma idan ya ciko.

4.0 Idan Iska ta Ƙare

Mai karatu da ya san gaiwa da tarwaɗa ba zai yi mamakin jin kifi na shaƙar iskar sarari ba. Sai dai akwai bambanci mai muhimmanci. Gaiwa na da huhu, tarwaɗa kuma na da wata gaɓa ta musamman a cikin kanta da ke ɗaukar iska. Sikalfin ba shi da ko ɗaya. Da matatun numfashin da ke ƙarƙashin kuncinsa da kuma fatarsa mai laima yake amfani, a ruwa da wajen ruwa.

Matakan da yake bi idan oksijin ya fara ƙaranci sanannu ne. Da farko yakan ƙara saurin zuƙar ruwa. Idan abin ya ci gaba sai ya hau sama, ya kai bakinsa daidai fatar ruwa, inda ɗan siririn ruwan da ke gogayya da sarari ya fi sauran iska. Idan wannan ma bai wadatar ba, sai ya fito da kansa ko dukan jikinsa, ya kwanta a kan dutse mai laima ko cikin ciyayi. Gwaje-gwajen da Yoshiyama da Cech suka wallafa a 1994 a kan kifayen gaɓar Kalifoniya da Oregon sun tabbatar da cewa ire-iren waɗannan kifaye na ɗaukar oksijin daga iskar sarari idan suna waje.

Amma kowane mataki na da tsadarsa. Kifin da ya hau sama ya bar mafakarsa, wanda ya fito waje kuwa ya miƙa kansa ga zalɓe. Gaba kura ke nan, baya siyaki. Sloman da abokan aikinta sun gwada wannan a wani bincike da aka wallafa a 2008: idan aka nuna wa kifin alamar mafarauci daga sama, yakan jinkirta hawa da fitowa, ya ci gaba da jure ƙarancin iskar zuwa wani matsayi da ya fi na kullum tsanani. Wannan na nuna cewa fitowar ba motsi ne na dole da jiki ke yi da kansa ba. Kifin na auna haɗari biyu ne, ya zaɓi mai dama-dama.

Abin da ke ba shi wannan sarari na jinkiri yana cikin jininsa. A 2009, Mandic da Todgham da Richards sun kwatanta nau'o'in sikalfin 12, wasu na kududdufi, wasu na ruwa mai zurfi. Sun samu cewa waɗanda ke zaune inda iska ke yawan ƙarewa sun fi iya ci gaba da zuƙo oksijin daga ruwan da ya talauce, kuma hakan na da alaƙa da ƙarfin da sinadarin himogulobin na jininsu ke da shi wajen riƙe oksijin, da kuma faɗin matatun numfashinsu. Wani binciken na Todgham da Schulte da Iwama, a 2005, ya gano wani abu da ba a yi tsammani ba: kifin da aka ɗan gasa wa zafi matsakaici, aka bar shi ya huta, ya fi jure tsananin gishiri da ƙarancin iska daga baya. Sun duba rawar da wasu furotin da jiki ke samarwa lokacin zafi ke takawa a wannan kariya. A fahimtar da ta fi sauƙi, zafin rana na shirya jikin kifin domin wahalar da ke tafe da dare.

Akwai kuma gargaɗi da suke samu daga juna. Idan aka ji wa ɗaya rauni, wani sinadari na fita daga fatarsa ya bazu a ruwa, sauran da suka sansano shi sai su rage motsi da kiwo. Hugie da abokan aikinsa ne suka bayyana haka a 1991. Hancin da ke wannan aiki shi ne kuma jigon abin da ke tafe.

5.0 Komawa Gida

Idan teku ya ciko ya rufe duwatsu, iyakokin kududdufai sukan ɓace, gaɓar duka ta zama fili guda. A lokacin kifin kan iya fita kiwo a kewaye. Haɗarin yana wajen janyewa. Ruwa na sauka, kuma duk kifin da bai sami gurbi mai riƙe ruwa ba zai wayi gari a kan busasshen dutse. Ba kowane kwarmi ne ke riƙe ruwa ba: wani na yoyo ta ƙasa, wani bai da zurfin da zai hana shi tafasa da rana, wani bai da tsagar ɓuya. Kuma a lokacin da ruwa ya rufe komai, da wuya a bambance mai kyau da marar kyau. Hanya mafi aminci ita ce komawa inda aka riga aka kwana aka tashi lafiya.

Abin da wannan kifi ke yi ke nan. John Green ya bi diddigin lamarin a gaɓar yammacin tsibirin Bankuba na Kanada, ya wallafa sakamakonsa a 1971. Ya riƙa kama kifayen yana sa musu alama, yana mayar da su, sannan ya dawo ya duba. Ya tarar da kifaye iri guda a kududdufai iri guda bayan makonni da watanni. Da ya ɗauke wasu ya sake su a wani wuri na gaɓar, da yawa sun komo kududdufinsu na asali, wasu daga nisan da ya ɗan haura mita 100. Har waɗanda aka raba da gidansu na tsawon wata shida an samu sun gane hanya. Mita 100 ba wani nisa ba ne ga ɗan Adam. Ga halittar da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, wadda ba ta iya dogon iyo, a cikin ruwa mai tunkuɗa da ja, ya fi tsawon jikinta sau dubu.

Tambayar da ta biyo baya ita ce: da me yake gane hanya? Khoo ya gwada wannan a binciken da ya fito a 1974, ta hanyar hana wasu kifayen gani, wasu kuma ya hana su sansane, sannan ya sake su nesa da gida. Waɗanda suka rasa ido sun fi waɗanda suka rasa hanci iya komowa. Daga nan aka fahimci cewa hanci ne kan gaba, ido na taimakawa. Irin wannan gwaji, a gaskiya, ba ya rasa rauni, domin kifin da aka yi wa aiki a jiki na iya kasa komowa saboda jinya ko saboda an cinye shi a hanya, ba lallai don ya ɓata ba. Duk da haka sakamakon ya dace da yanayin wurin. Ruwan gaɓa sau da yawa a gurɓace yake da kumfa da yashi, rabin cikowar teku kuma cikin duhu take faruwa. Idon da ba ya ganin nesa ba zai yi jagora ba a irin wannan hali.

Ba a haifar kifin da wannan sani. Craik ta nuna a 1981 cewa ƙananan ba su da ƙwarewar manya wajen komowa, kuma ƙwarewar na ƙaruwa yayin da suke girma. Ƙananan sun fi yawo tsakanin kududdufai kafin su tsaya a wuri guda, kuma ana ganin a wannan yawo ne suke haddace gaɓar. Shi ya sa kalmar "gida" ta fi dacewa a nan fiye da "sheƙa" ko "rami". Kifin bai gina kududdufin ba, ba shi kaɗai ke cikinsa ba, ba ya kuma korar kowa daga gare shi kamar mai tsaron iyaka. Wuri ne da ya saba da shi, ya san tsagoginsa, yake komawa.

6.0 Hayayyafa da Ƙuruciya

Yawancin kifaye na zuba ƙwai da maniyyi a ruwa ne su haɗu a waje. Wannan nau'i kuwa barbara yake yi. Namiji na da 'yar gaɓa ta zuba maniyyi, kuma ƙasusuwan farko na fiffikensa na ƙarƙashin ciki sun fi na mace girma, da su yake riƙe ta. A wurin da igiya za ta iya kwashe maniyyi cikin ƙiftawar ido, amfanin wannan a fili yake. Akwai wani abin lura da Munehara da abokan aikinsa suka gano a Japan a 1989, a jikin wani sikalfin mai suna Alcichthys alcicornis: maniyyi na shiga jikin mace ya manne wa ƙwai, amma haɗuwar ba ta kammala sai an saka ƙwan ya taɓa ruwan teku. Daga baya an sami irin wannan tsari a wasu nau'o'in sikalfin masu barbara. Wato matsayi ne tsakanin haɗuwar ciki da ta waje.

Mace na saka ƙwai dunƙule-dunƙule masu danƙo a tsagar dutse, ko tsakanin ƙumba da wasu ƙananan halittu masu ƙoƙon alli da ke manne da duwatsu. Daga nan ta tafi. Ba a gadin ƙwan, saɓanin sikalfin na koguna inda namiji ke tsare su a ƙarƙashin dutse yana yi musu fifita. Laimar da ƙumba ke riƙewa da inuwarsu su ne kariyar ƙwan idan ruwa ya janye.

Da sun ƙyanƙyashe, 'ya'yan ba sa zama. Ruwa na kwashe su zuwa cikin teku, inda suke shawagi na tsawon wata ɗaya zuwa biyu suna cin ƙananan halittun da ido ba ya gani. Mafi yawansu a nan suke ƙarewa. Waɗanda suka tsira sukan dawo gaɓa, su sauka ƙasa, su ɗauki siffar iyayensu, galibi a ƙananan kududdufai marasa zurfi. Sukan balaga cikin kimanin shekara guda, kuma tsawon ransu bai cika wuce shekara 5 ba.

Ke nan rayuwar ta kasu biyu masu karo da juna. Akwai 'yan makonnin farko na yawon da ba shi da linzami, wanda shi ne ke gauraya zuriya tsakanin gaɓoɓi masu nisa, yake kuma sake cika wurin da aka yi asara. Sai kuma shekarun da suka rage, waɗanda ake ƙarar da su a fili da bai fi 'yan mitoci ba. Catherine Pfister, wadda ta yi nazarin waɗannan kifaye a tsibirin Tatoosh na jihar Washington a shekarun 1990, ta duba yadda yawan 'ya'yan da ke dawowa gaɓa ke hawa da sauka, da yadda abin da ke faruwa bayan saukarsu, na girma da mutuwa a cikin kududdufi, ke tasiri a kan yawan manya.

7.0 Iyakar Juriya

Da sauƙi a ɗauka cewa halittar da ta saba da wahala ita ce za ta fi tsira idan duniya ta ƙara ɗumi. Lamarin ba haka yake kai tsaye ba. Mazaunin kududdufin sama ya riga ya kusanci iyakar abin da jikinsa ke ɗauka a ranakun zafi, don haka ƙari kaɗan na iya tsallakar da shi. Ga shi kuma ruwa mai ɗumi ya fi ƙarancin oksijin, alhali jikin kifi ya fi buƙatar sa idan ya ɗumama.

Haka nan ba kudu ce kullum ta fi haɗari ba. Helmuth da abokan aikinsa sun nuna a 2002 cewa sa'ar da teku ke janyewa na iya rinjayar yanayin ƙasa. A wasu sassan jihar Washington, janyewa mafi nisa a watannin zafi na faɗowa ne da tsakar rana, yayin da a wurare da dama na Kalifoniya take faɗowa da sassafe ko cikin dare. Saboda haka halittun gaɓar arewa na iya shan zafin da ya fi na kudu.

An ga hakan a ƙarshen watan Yuni na 2021, lokacin da wani matsanancin zafi ya lulluɓe yammacin Kanada da arewa maso yammacin Amurka. A ranar 29 ga watan, garin Lytton na lardin Biritish Kolombiya ya kai digiri 49.6 a ma'aunin Salshiyos, mafi tsanani da aka taɓa aunawa a Kanada. Kwanakin sun zo daidai da janyewar teku mai nisa da tsakar rana. Christopher Harley na Jami'ar Biritish Kolombiya ya ƙiyasta cewa halittun gaɓa fiye da biliyan ɗaya ne suka mutu, akasarinsu ƙumba da masu ƙoƙon alli, waɗanda ba su da halin gudu. Sikalfin ya fi su dama, tun da yana iya nutsawa ƙasan kududdufi ko ya shige tsaga. Sai dai dabararsa ta ƙarshe, wato fitowa daga ruwa, ba ta da amfani idan dutsen ya fi ruwan zafi. Waɗanda suka mutu ɗin kuma su ne shimfiɗar da yake saka ƙwai a cikinta, su ne kuma maɓoyar ƙananan halittun da yake ci. Kifin da ya tsira daga waɗannan kwanaki, da teku ya ciko ya sake janyewa, kududdufin da ya sani zai nufa, ko da abin da ke kewaye da shi ƙoƙuna ne da babu kowa a ciki.